Bindigogin Mahajjata da Ke Ɗakina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban maktab, wato ofishin da ke ba da ruksa, lasisin riƙe bindiga, a garin Gadarif.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina tambayar lafiyarka da ta iyalinka da ta ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya sa daminar bana ta yi maka albarka.

Sunana Ya'u Sale, manomin riɗi da dawa. A garin nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Na rubuto maka a fili ne domin na yi ta zuwa maktab ɗinka ban samu ganinka ba, kuma wa'adin da kuka ba masu bindiga ya kusa cika. Ba ƙarar kowa na kawo ba. Wallahi da na san wanda zan kai ƙara da na ji sauƙi. Kaina ne ya ɗaure, ranka ya daɗe. An ce matambayi ba ya ɓata, to ni tambaya ce ta ɓatar da ni, shi ya sa na ce bari in zayyana maka abin daga tushe.

Na ɗaya, yadda bindigogin suka shigo gidanmu.

Akwai tsofaffin bindigogi huɗu a ɗakina, babu ko ɗaya tawa. Kakana Alhaji Tanko daga yamma ya taso da ƙafa zuwa aikin hajji. A hanyar komawa ƙafarsa ta tsaya a Gadarif, ya share fili ya yi ɗakuna, gidansa ya zama masaukin mutanenmu masu zuwa Makka. A cikinsu akwai maharba, waɗanda suka riƙo bindiga saboda namun daji da 'yan fashin hanya. In sun iso nan, abin da ya rage jirgin ƙasa ne da teku, kuma ba mai zuwa ɗakin Allah da makami a kafaɗa. Sai mutum ya miƙa wa kakana bindigarsa ya ce a ajiye masa, in ya dawo ya karɓa. Kakana ya ce ya karɓa. Babu takarda, babu mai shaida sai Allah da 'yan masauki. Yawancinsu sun dawo sun ɗauki abinsu. Huɗu ba su dawo ba.

Har yau da sunan masu su muke kiransu: ta Nomau, ta Ɗan Gobir, ta Gurgu, da ta Baushe. Uku ƙirar maƙera ne, irin harba-ka-ruga da ake ɗura wa albarushi ta baki. Ta Baushe ce ƙirar Turawa mai ɗaukar harsashi ɗaya, wanda ko da kuɗinka ba za ka same shi a kasuwa ba yanzu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ƙarar ɗaya daga cikinsu ba. Ta Gurgu ma kunamarta a karye take. Duk shekara, in alhazai suka fara shirin tafiya, nakan sauko da su in goge su da man riɗi, in tono gidan da zanzaro ya yi a bakin ta Nomau, in mayar da su inda suke. Haka na ga ubana yana yi.

Na biyu, dalilin da ya sa ban ce nawa ba ne.

Na san abin da za ka ce, domin kowa ya faɗa mini: ai masu su sun mutu tuntuni. Ni ma ba wawa ba ne, na san sun mutu. Amma ina saurayi, lokacin bindigogin biyar ne, wani tsoho ya yi sallama a ƙofarmu, idonsa ya kusa tafiya. Ya zauna a Makka shekara da shekaru yana sayar da ruwa, mu a nan an daɗe da yi masa addu'ar mamata. Ya ce ya bar ajiya wajen Alhaji Tanko. Ubana ya fito masa da su duka biyar ɗin ya jera a tabarma. Tsohon ya bi su da hannu yana shafa ƙota ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wata mai ɗan tsagi, ya ce wannan ce. Ranar na fara ganin hawayen ubana. Bayan baƙon ya tafi ya ce mini da ya sayar da ita a shekarar da muka yi fari, da yau bai san da wane ido zai dubi mutumin ba.

Da ubana zai rasu, a gaban 'yan'uwana ya ce: "Ya'u, gida da gona naku ne, ku raba. Waɗannan huɗun kada a sa su a gado, ba namu ba ne." Na ce na karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa ko ladan ban ci ba, askin kawai aka bar mini. Masu su sun mutu, amma sun bar 'ya'ya da jikoki a wani wuri, kuma haƙƙin mutum ba ya mutuwa don ya mutu.

Na uku, abin da ya same ni a maktab ɗinka.

Da aka yi sanarwa a rediyo, shehun unguwarmu ya maimaita a masallaci, cewa duk mai bindiga ya je ya yi ruksa kafin a gama yankan riɗi, bayan nan wanda aka samu da ita mahkama, wato kotu, ce za ta raba su, ban tsaya wata-wata ba. Ba wanda ya san da su a ɗakina in ba iyalina ba. Ni da ƙafata na kai kaina, ashe allura ce za ta tono garma.

Zuwan farko wani matashin zabit ne, wato jami'i, ya saurare ni, yaro mai ladabi, har shayi ya sa aka kawo mini. Ya ce abin mai sauƙi ne, akwai ruksa ta musamman ga masu tara tsofaffin bindigogi don sha'awa. Ranar na san wai ni mai tara bindigogi ne don sha'awa, ikon Allah. Ya karanta mini sharuɗɗa: a kulle su a akwati, ba aro, ba harbawa, in ɗaya ta ɓace ni za a kama, kuma za a riƙa zuwa dubawa. Na ce duk na yarda, har da kuɗin ruksar. Sai ya zo kan na ƙarshe, wanda zan rantse cewa mallakina ne, in kuma faɗi yadda na same su: saye, ko kyauta, ko gado. Na ce babu ko ɗaya a cikin ukun, ajiya ce. Ya ce in sa gado, kowa haka yake yi. Na gaya masa ubana da bakinsa ya fitar da su daga gado. Ya ce to in na wasu ne, sai in kawo masu su, ko takardar wakilci da sa hannunsu. Na ce ɗana, ƙaraminsu sa'an kakana ne. Ya yi dariya, ni ma na yi, amma dariyar ba ta cika mini takardar ba. Ya tura ni ɗaki na gaba.

A can wani dattijo ne. Ya ce tun da ba na son su, hanya ɗaya ce, in miƙa su ga hukuma in huta. Har na fara jin sanyi a raina. Da ya karanta mini tasa takardar, sai na ji ta ce ni, mai waɗannan makamai, na yafe haƙƙina a kansu. Na tambaye shi me ake yi da waɗanda aka miƙa, ya ce yanka su ake yi a narke. To ranka ya daɗe, yaya zan yafe haƙƙin da ba nawa ba? Ai rantsuwar farko ce ta zagayo ta bayan gida, ga kuma lalata kayan mutane a kai. Dattijon ya dafe kai ya ce in kawo ɗaya a gani, wataƙila ma ba su kai a kira su makami ba.

Washegarin kasuwa na naɗe ta Nomau a tabarma na hau keken jaki na zo. Askarin bakin ƙofa ya tare ni ya ce ina takardar ɗaukar makami a titi. Na ce takardar na zo nema. Ya ce ai sai da takarda ake kawo bindiga. Na ce ai sai an ga bindigar za a san takardar da ta dace da ni. Ya zaunar da ni a benci tun hantsi har la'asar, mutanen da na sani suna wucewa suna kallona kamar wanda aka kamo da kayan sata. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Dattijon da ya ce in kawo ta bai zo aiki ba. A ƙarshe suka dubi furfurata suka ce in maida ita gida kada in sake. Na sake bin titin nan da ita, ba takarda, amma wannan karon da umurninsu. Har yanzu ban gane ba: a zuwa na yi laifi, ko a komawa, ko a duka biyun?

Na huɗu, na nemi mafita a wani wuri ban samu ba.

Na je wajen malamai biyu. Na farko ya ce in sayar da su in yi sadaka da kuɗin da sunan masu su, in magada suka bayyana in biya su daga aljihuna. Magana mai kyau, sai dai sayar da bindigar da ba ta da ruksa laifi ne da ya fi riƙe ta, ruksa kuma ba ta samuwa sai na rantse tawa ce. Na biyu ya ce hukuma ita ce waliyyin wanda ba shi da waliyyi, in danƙa mata. Wannan ta kwanta mini, amma da na gaya masa hukuma ba ajiyewa za ta yi ba, yankawa za ta yi, sai ya ce bari ya sake duba littafi. Har yau yana dubawa.

Ɗana Usman ya zo daga garin Fau inda yake tuƙa tarakta, ransa a ɓace. Ya ce ko in sa hannu kawai, ko ya zuba su a tsohuwar rijiyar gona a wuce wurin. Ya ce: "Baba, wa zai tambaye ka?" Shi ma ya san wanda zai tambaye ni. Amma ba na ganin laifinsa. Tsoro yake ji kada a ɗaure masa uba a kan ƙarafan da ko kare ba za su kora ba. Uwarsa kuma, in mota ta tsaya a layinmu, sai ta saki abin da ke hannunta. Ni ma tsoron nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Shekaruna sun haura sittin, ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ban san yadda ake kwana a ɗaure a sijin ba, kuma ba na son in koya yanzu.

Ka ga inda nake. In na riƙe su, na karya dokarku. In na rantse nawa ne, na yi ƙarya da sunan Allah. In na miƙa su a kan takardarku, na ba da abin da ba nawa ba. In na jefa su rijiya, na haɗa cin amana da ɓoye makami. Gaba kura baya sayaki ke nan. Ban ce dokar ba ta da kyau ba. Muna kusa da iyaka, mun san abin da bindiga ke yi a hannun banza. Ina dai zaton wanda ya rubuta ta bai taɓa zama a gidan mai masauki ba, shi ya sa bai bar wa ajiya gurbi ba.

Na biyar, abin da nake roƙo.

Ina roƙon a ƙara kalma ɗaya a takardar ruksa, kusa da saye da kyauta da gado, a sa ajiya. A rubuta ni a matsayin mai riƙo, a ɗora mini duk sharuɗɗan da aka ɗora wa mai mallaka, har a ƙara. A zo a duba duk lokacin da aka so, in ɗaya ta ɓace a kama ni.

In wannan ya fi ƙarfin kujerarka, ina roƙon ka ɗaga mini wa'adi har ka tambayi na sama da kai, ka kuma ba ni dama in zauna gabanka ko na tsawon shan shayi ne. Riɗina ya nuna, ba zan iya hana shi bushewa don wa'adi ya jira ni ba.

In kuma doka ba ta da wurin irina ko kaɗan, to ka aiko askarawanka su zo su ɗauka. Ba zan tare ƙofa ba, ba zan ɓoye ko ɗaya ba, ni da hannuna zan sauko da su. Amma ba zan sa hannu cewa nawa ne ba, ko da hakan zai kai ni mahkama. Abin da nake so a madadinsu 'yar takarda ce da sunanka a kai, ba sunan maktab ba, mai cewa kai wane ka karɓi ajiyar Nomau da Ɗan Gobir da Gurgu da Baushe daga hannun Ya'u Sale. Abin da kuka yi da su bayan nan ya rage tsakaninku da masu su. Ba gatse nake yi maka ba, ranka ya daɗe. Akwai ranar da mutanen nan huɗu za su tsaya su ce ina ajiyarmu, ranar da babu maktab babu ɗaki na gaba, ina so in san wanda zan nuna musu.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sauƙaƙa maka nauyin jama'a da ke wuyanka, ya raba ka da ɗaukar haƙƙin wanda ba ka taɓa gani ba. Allah ya jiƙan iyayenmu, da mahajjatan da suka tafi ba su dawo ba.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa kafin a gama yankan riɗi,
Ya'u Sale, jikan Alhaji Tanko mai masauki,
Gadarif.