Mai Tarin Cikin Kaset

Daren Talata, unguwar Suwaidi.

Yau kaset ɗin kiɗan jazz na kafilina, tsohon Balaraben da nake yi wa aiki, ya tsinke muna hanyar unguwar Ulaya. Na nemo masa kiɗan a waya, sabon gyara, tas da shi. Da mai busa ya tsaya jan numfashi, sai ya ce, "Ya Sani, ina mai tarin?" Wai a nan wani ɗan kallo yake tari a kaset ɗin, tun yana saurayi yake jin sa. Masu gyaran sun goge shi. "Khalas, ya isa, kashe."

Na kashe, ba ruwana da jazz. Da na dawo ɗaki na kunna saƙon muryar marigayi Baba. Ba maganarsa nake saurare ba, zakaran gidanmu nake jira ya yi cara a cikin saƙon.