Ranar da Aka Manta a Kalanda

3 ga Disamba

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyi a wajenku?

Jiya da hantsi na gane abin da ya faru tsakaninka da mahaifinka shekara takwas da suka wuce. Safar hannunsa nake nema a akwatin ƙarƙashin gado, sai na ci karo da wata takarda a ninke cikin tsohuwar rigar sanyinsa. Takardar gwaji ce ta kalandar waccan shekarar, ta watan Fabrairu, irin wadda ake dubawa kafin a kai wa inji. Na bi da yatsa. Daga ashirin da takwas sai ɗaya ga Maris, ashirin da tara babu. A ƙasa kuma ga sa hannunsa da jan biro, ya rubuta "an duba". Karatuna bai yi nisa ba, amma rubutun mutumin da na zauna da shi shekara talatin da bakwai ba ya ɓace mini.

Shi ya ce mana kai ka yi gaggawa, ka kai wa mai inji bai gani ba. A gaban ma'aikata ya faɗa, ya dawo gida ya maimaita, ni kuma na taya shi. Ina bakin ƙofa na ce maka wanda bai iya ƙirga kwanan wata ba, me zai iya. Na zauna a bakin gado da takardar nan har shayina ya yi sanyi.

Ba zan iya faɗin wannan a waya ba, shi ya sa na rubuto. Ga takardar nan a ciki.

Yau kwanansa hamsin da rasuwa. Har yanzu ina yage shafin kalanda kowace safiya, in karanta abin da ya rubuta a baya. Ka san shekara guda yake gaba da mu a aikinsa, to duk na bana muryarsa ce. Na yau ya ce a rana irin ta yau aka fara dasa wa mutum zuciyar wani, ya yi kwana goma sha takwas da ita. Da ana ba da aro, da na ba mahaifinka tawa.

Mai maɗaba'a ya zo gaisuwa ranar Lahadi. Ya ce kalandar baɗi mahaifinka ya gama daga Maris zuwa Disamba, saura Janairu da Fabrairu. Kullum su yake bari ƙarshe, wai a watannin sanyi ne mutane suke karatu da gaske, tunda ba mai son fitowa daga bargo. Katunan da yake tara tarihin kowace rana a kansu suna nan a akwatin katako, amma ba mai gane tsarinsu sai kai. Kuma baɗi ma Fabrairu ashirin da tara ne.

Ba don kalanda kaɗai na rubuto ba. Mahaifinka ya tafi da haƙƙinka a wuyansa. Ina roƙonka ka yafe masa.

Ka gaida matarka da 'yar jikata. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka


9 ga Disamba

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba.

Wasiƙarki ta iso, da takardar. Ba sabon abu ba ne a wurina, Inna. A gabana ya sa hannu. Ni na manta ranar, wannan gaskiya ne, ban taɓa musu ba. Amma aikin mai dubawa shi ne ya kama abin da mai tsarawa ya manta. Ya riƙe takardar kusa da hancinsa, ya ce ta yi, ya miƙo mini. Tun lokacin idanunsa sun fara rauni, yana ɓoyewa.

Da aka gano duk ranakun mako daga Maris sun goce, aka tara mu a gaban inji. Mai maɗaba'a ya tambayi wa ya duba. Baba ya ce bai gani ba. Na kalle shi, ya kalli ƙasa. Da na buɗe baki a ranar, shi za a sallama, kuma ba shi da wata sana'a. Sai na ɗauki laifin ni kaɗai. Na ɗauka idan mun koma gida zai ce wani abu. Kalma ɗaya na jira. Na jira ta wata uku kafin na bar garin, na ci gaba da jira a nan. Da na zo jana'iza ban kwana ba, don na kasa shiga ɗakinsa.

Game da kalanda, ki aiko da katunan ta hannun direban da ya saba kawo saƙo. Zan yi aikin, don kada sunansa ya fita a kan abin da bai cika ba.

Ɗaya maganar kuwa, ina roƙon ki ba ni lokaci.

Ki huta lafiya. Ki riƙa ɗumama ruwan alwala, don Allah.

Ɗanki


17 ga Disamba

Ɗana,

Sallama da gaisuwa. Ina ɗumama ruwan, kada ka damu. Ƙanwarka ma kullum sai ta bugo ta yi mini faɗa a kai, kamar ita ta haife ni.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ashe shekara takwas kana rufa masa asiri, ni ina gaya wa mutane zuciya ce ta kore ka. Wanda bai san dawan garin ba shi ke cewa a bi ta nan. Ni ma ka yafe mini.

Na san katunan sun iso, direban ya faɗa mini. Ban sani ba ko ka kai ga na ƙarshen Fabrairu. Kafin in ɗaure su na duba. Kowace rana katunanta cike suke: wane sarki ya hau, wane mawaƙi aka haifa, ranar rediyo, ranar kaza. Na ashirin da tara guda biyar ne, kuma duk da abu ɗaya suka fara: "A rana irin ta yau, wani uba ya". Nan yake tsayawa. A ɗaya ya ƙara "ji tsoro", ya soke. Rubutun na ƙarshe manya-manya ne, irin na bayan an yi masa aikin ido. Ba zan ƙara masa abin da bai rubuta ba. Ban san da wa yake ba, amma ni dai uba ɗaya na sani a gidan nan.

Ka san halinsa. Mutumin da zai gaya maka ranar haihuwar wanda ya mutu shekara ɗari uku, amma ya kasa cewa miya ta yi daɗi. Wata safiya bara, yana karanta mini shafi, na tambaye shi ko a duk tarihinsa akwai ranar da ɗa ya dawo gida. Ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya ce, "Akwai. Ba a buga ta ba tukuna." Na zaci kai yake zargi. Har na ce masa ai laifin yaron ne, ya tashi ya bar shayinsa.

Shafin yau ya ce a rana irin ta yau jirgin sama ya fara tashi, daƙiƙa goma sha biyu kawai ya yi ya sauka. Mahaifinka ya ƙara a ƙasa cewa farawa ba ta buƙatar tsawo. Shafi goma sha huɗu suka rage mini a bango. Jiya na kasa yagewa, yau na yage biyu. Idan sun ƙare ban san wa zai yi mini magana da safe ba. Kujerarsa tana nan gefen taga inda rana take fara sauka, ni kuma har yau kofi biyu nake ɗaukowa, in mayar da ɗaya.

Mai maɗaba'a ya ce ranar ashirin da uku inji zai tashi, ko da me. Kalandar wasu tuni ta cika kasuwa.

Allah ya tsare mini kai.

Mahaifiyarka


20 ga Disamba

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ga shafuka hamsin da tara, an tsara, na duba sau biyu, na sa matata ta sake dubawa. Na huɗu ga Janairu na ba mutumin da ya ƙirƙiro rubutun makafi, ranar haihuwarsa ce, kuma Baba ya ja layi biyu a ƙarƙashin katinsa.

Ke kam, Inna, ban taɓa riƙe ki ba. Abin da aka gaya miki kika faɗa. Na yafe, duniya da lahira.

Na ga katunan biyar. Suna kan teburina. Na zauna zan rubuta shafin ashirin da tara sau da yawa, ni ma a wuri ɗaya nake tsayawa. Wannan karon ba mantawa na yi ba.

Akwai hutu a wurin aikinmu ƙarshen wata. Ban yanke shawara ba tukuna.

Ɗanki


22 ga Disamba

Ɗana,

Amin, na gode. Allah ya ba ka masu yi maka yadda ka yi mini.

Na kai shafukan da kaina. Mai maɗaba'a ya juya su, ya ce, "Hannun malam ne sak." Ya tambayi na ashirin da tara. Na ce a buga kwanan da ranar, a bar bayan fari. Ya ce ba a taɓa yi ba. Na ce to a fara.

Na share ɗakinka, na shanya bargo biyu. Ba zan sake tambayarka ba, ka san inda maganar take.

Gobe inji zai tashi. Kabarinsa ba ka koma ba tun ranar, kuma ba ka ce ka yafe masa ba.

Mahaifiyarka