Butar Baba Ba Za Ta Shiga Wuta Ba

Yaya Umaru,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya iyali, yaya zaman Kumasi? Mu nan Illela lafiya lau.

Raƙumi ya taka butar tagullar marigayi Baba, ta lotse. Maƙerin Amarawa ya ce a narkar da ita, in sayi ta kantin Turawa. Na ƙi. Na cika ta da ruwa, na toshe hancin, na cusa itace a bakin ina bugawa da guduma. Yana ta dariya: "Malam, mi ruwa ya sani ga ƙira?" Ni ma na ji tsoron ta fashe, amma ruwan ya turo lotsewar daga ciki, saura kaɗan.

Kawu ya ce in bari haka. Ba zan bari ba, da ita zan yi alwalar Juma'a.

A sa mu a addu'a. A gai da su Hajo.

Ƙaninka,
Bello