Majayin da Baba Ya Ɗaure

Unguwar Dosa, Kaduna
Lahadi

Zuwa ga Yayana Yusha'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta zumunci, ina fata kana lafiya, da Anti Ilham da yara, ya kuma fama da aikin Abuja. Mu nan da sauƙi, in ka cire abin da ka riga ka sani.

Takarda na rubuto maka don tun jiya ba ka ɗaukar wayata. Ko da ka ɗauka ma na san bakina, zan faɗi abin da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta. Direban ofishinku da zai koma gobe shi zai miƙa maka.

Akawal, dokin Baba, yana kwance a gindin turkensa, ƙafar gaba ta kumbura suntum, harshensa a tsage, ko ruwa ba ya iya sha. Likitan dabbobi ya zo ya duba, ya ce sai kumburin ya saɓe zai san abin da ke ciki, amma fuskarsa ba ta yi mini daɗi ba.

Bari in tuna maka yadda aka yi, don kada gobe a ce ƙaddara ce kawai. Kai ka kira Baba ka roƙi aron dokinsa, wai ɗan daraktanku zai yi hawan angwanci. Ka ce a ƙofar gidanmu ango zai hau, ya taka zuwa ɗakin taro nan cikin unguwa. Ka san Akawal ba ya tsaya wa kowa ya ɗaura masa sirdi sai Baba. Ka kuma san tun da ɓarin jikin Baba ya shanye bara, ba magani ke tashe shi daga gado ba, dokin nan ne. Kullum da safe zai dogara sanda, ya dafa bango, ya ja ƙafar nan har turke don ya ba shi dusa da kanwa da hannunsa. Masu yi masa gashin ƙashi a asibiti da kansu suka ce tafiyar nan ta fi tasu aiki.

Jiya ne karon farko tun ciwon da ya ɗaura sirdi. Ni na ɗaga masa na aza, shi ya ja majayi, ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ciki, da hannun lafiya, mai ciwon yana tallafawa. Da ya gama ya cusa yatsa ƙarƙashi ya gwada, ya yi dariya. Yaya, na manta rabon da in ji dariyar Baba. Daga nan Malam Markus, maƙwabcinmu da suka yi aiki tare a ma'aikata, ya ɗauke shi a mota zuwa wajen gashi.

Fitarsu ke da wuya sai ga Sharhabil, ƙanin ango, da motar ɗaukar kaya ƙirar kanta, wai an mayar da biki Rigasa. Na ce to a sauke sirdi, a cire linzami, a ɗaure shi da ragama, kamar yadda duk wanda ya tashi a gidan nan ya sani. Ya ce in an sauke wa zai mayar a can, ga masu hoto suna jira. Ya kira ka, ya buɗe muryar wayar. Da kunnena na ji ka ce a loda shi haka nan, ai tafiyar ba nisa. Na yi magana, ka ce in bar maza su yi aikinsu.

To mazan sun yi aikinsu. Sun bar masa linzamin a baki, sun ɗaure igiyarsa a gaban sirdi, sun bar likkafu suna lilo. Direban ya gaya mini ɗan acaɓa ne ya gitta masa, ya taka birki. Doki ya tafi gaba, ba damar ya miƙa wuya ya tare kansa, likkafa ta maƙale a ƙarfen jikin mota, ya faɗi a kan ƙafarsa. Ango ko ganinsa bai yi ba. A motar suka dawo mana da shi, suna ba ni haƙuri suna duba agogo.

Baba ya dawo ya tarar da shi a ƙasa. Bai tambayi kowa komai ba, ya sa aka kawo masa kujera ya zauna kusa da kansa. Ban gaya masa ba tukuna, don maganar taka ce. Ka kira shi ka faɗa masa da bakinka.

Ka gaida mutanen gida.
Ƙanwarka,
Sa'adiya

Unguwar Dosa, Kaduna
Laraba

Yaya Yusha'u,

Sallama da gaisuwa. Ina fata lafiya kuka tashi, da Anti Ilham da ƙafarta da ta ce tana damunta. Allah Ya ƙara sauƙi.

Na ce ka kira Baba, ka kira. Da na san abin da za ka faɗa, da na roƙe ka ka ci gaba da shirunka.

Ina tsaye a bakin ƙofa na ji. Ka ce masa ango ya hau lafiya, suna cikin tafiya sirdi ya juya, doki ya firgita ya faɗa kwata. Ka ce ƙila majayi ne bai ɗauru sosai ba, amma kada ya damu, tsautsayi ne. Yaya, ina ka samo wannan? Ka rasa inda za ka sauke kayanka sai a kan hannun tsohon da ke koyon riƙe cokali?

Akawal ya tafi jiya da hantsi. Likita ya ce ƙashin ya dagargaje, barinsa azaba ce, Baba ya ɗaga kai ya amince a hutar da shi. Malam Markus da almajiran masallaci ba su bari ya ga fitar da shi ba.

Tun daga lokacin Baba yana kwance, ya ɗora hannun nan a ƙirji yana kallonsa. Ya ce mini shi ya kashe dokinsa, girman kai ya sa shi ɗaukar aikin da ya fi ƙarfinsa. Na durƙusa na gaya masa gaskiya tiryan-tiryan, motar, da wayar, da abin da ka ce. Ya saurare ni har na gama, sannan ya sa mini albarka, ya ce ya gode da nake son sanyaya masa rai. Wai Yusha'un da ya koya wa kama ragama tun kafin ya shiga firamare ba zai taɓa cewa a loda doki da sirdi da linzami ba. Na kira Maman Joshua, matar Malam Markus, wadda ta ga komai ta saman katanga. Ta rantse masa. Ya ce mata mun haɗa baki, Allah Ya saka mana.

Ka gani? Ya gwammace ya tuhumi hannunsa da ya yarda ɗansa ya yi wauta. Wannan yardar ka samu ka hau, kuma ina jin haushinka har ba na iya cin abinci.

Yau bai je gashi ba. Sandarsa tana jingine inda ya ajiye ta. Ba daraktanku nake so ya ji ba, ba kuma cewa na yi ka yi shela ba. Jirgin ƙasa yana sauka Rigasa kullum. Ka shigo Juma'a, ka zauna gabansa, ka ce Baba majayinka ya ɗauru, ni na yi kuskure. Daga bakinka kaɗai zai karɓa.

Na bar ka lafiya.
Sa'adiya

Unguwar Dosa, Kaduna
Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya.

Juma'a ta zo ta wuce, wata Juma'ar ma ta bi bayanta. Kai ba ka zo ba, amma saƙonka ya iso. Doki ne mai kyau, ba zan yi ƙarya ba, fari tas, ga tsayi. Na tsaya na kalli yadda aka sauko da shi, bayansa ba komai, bakinsa ba ƙarfe, ragama kawai, har da ciyawa aka shimfiɗa masa a ƙasan mota. Direban ya ce kai ka yi ta nanata masa haka a waya. Ashe dai ka sani.

Na shiga na gaya wa Baba. Ya ce a yi maka godiya, kai ɗa ne mai tausayi, amma a mayar wa mai shi, don shi ba ya da hannun riƙon amanar dabba kuma. Ko labulen taga bai ɗaga ba. An mayar.

Mai gashin ya biyo shi har gida shekaranjiya. Ya ce ƙafar ta fara sandarewa, in aka ƙara ɗaukar lokaci a kwance abin da aka samu a shekara guda zai zube. Baba ya ba shi haƙuri ya sallame shi.

Akwai keken marasa lafiya da asibiti suka haɗo mu da shi ranar da aka sallamo shi bara. Kai ba ka nan, ba ka ga faɗan da ya yi ba. Ya ce muddin yana numfashi ba mai tura shi kamar kayan miya, ya sa na kai shi sito na rufe da buhu. Yau da safe ya kira ni, ya ce in fito da shi in goge, yana so ranar Juma'a a kai shi masallaci a ciki.

Na fito da shi na goge, yana nan a zaure. Amma na gaya wa Malam Markus kada ya taɓa, ni ma ba zan taɓa ba. Kai ka zaunar da shi, sai ka zo ka tura. In kun kama hanya yana gaba kana baya, ba sai ka kalli idonsa ba, wataƙila a nan bakinka zai buɗe.

Ƙanwarka,
Sa'adiya