Ƙwarya Nake Zanawa, Gari Ya Ce Duba Nake Yi

Zuwa ga Mai Filin Shawara,

Don Allah don Annabi ka agaza mini, domin abin da ya same ni duk wanda na faɗa wa sai ya yi dariya, alhali a gidana an daina dariya. Jaridarku tana iso mu nan ƙasar Buza jefi-jefi, in wani falke ya dawo daga Sakkwato ya naɗo kaya a cikinta, sai mu kai wa Isufu tela ya karanta mana, don shi ya taɓa zaman lakwal, wato makarantar boko, a Madawa. Ni ajami na iya, da shi na rubuto. Ka rufa mini asiri kada ka sa sunana.

Sana'ata zanen ƙwarya. Da damina ina noman gero da dawa kamar kowa, in an gama girbi sai in koma bakin wuta. Nakan sayo ƙorai wajen mutanen fadama, in kankare, in shanya, sannan in sa wuƙaƙe a garwashi in ƙona musu zane. Ba yabon kai ba, daga nan har kasuwar Keita in ka ga Bafillatana ta ɗauko nono cikin ƙwarya mai kyau ka tambaye ta, sunana za ka ji. Tun da yaƙin nan na Turawa ya sa kwanon kanti ya ɓace, aiki ya yi mini yawa, har masu cewa ƙwarya kayan ƙauye ce sun dawo suna sallama a ƙofata.

Sai na gaya maka yadda nake aiki kafin ka gane matsalar. In wuƙa mai zafi ta ja layi a karkace, ya zauna ke nan har ƙwaryar ta fashe. Shi ya sa nake gwada kowane zane a ƙasa tukuna. Ina da rairayi mai laushi da na ɗebo daga gulbi na zuba a ƙofar gida, inda haske yake. Nakan tsuguna in share shi da tafin hannu, in jera ɗigo-ɗigo da yatsa layi-layi, ina ƙirgawa a baki, don in zane ya zagayo ƙwarya baki ya haɗu da baki. In bai yi ba in shafe in sake. Wannan jera ɗigo ma surukina ne ya koya mini, tun ina yaro a makarantarsa, da ya ga hannuna yana da kyau ya riƙa sa ni zayyanar allunan masu sauka. Shi ne limamin unguwarmu, ba zan kama sunansa ba. Ita kuwa ƙonawar a cikin gida nake yin ta, bayan rumbu, saboda iska.

Bara da rani ina tsugune ina ƙirga, sai ga maƙwabciyarmu tsohuwa Altine tana ta salati, wai akuyarta ta ɓata. Ban ɗaga kai ba don kada ƙirga ta kuɓuce mini, na ce ta duba gindin aduwar nan ta bakin kwari. Da idona na ga akuyar a can da safe lokacin da na je neman itacen gawayi, amma Altine ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Ta je ta sami akuyarta. Kafin la'asar duk bakin rijiya an ji cewa na buga ƙasa na ga akuya.

Daga nan sai Dije matar wani ɗan cin rani ta zo tana tambaya ko mijinta zai dawo. Na ce mata abin da kowa ke cewa, in Allah ya yarda yana tafe kafin shuka. Ruwan farko na sauka sai ga shi, shi da duk sauran 'yan cin ranin garin, amma nasa kaɗai aka lissafa mini. Da na koma kan rairayi bayan girbin bana, sai na tarar ana jirana. Na rantse, na yi faɗa, na ce ni ƙwarya nake zanawa. Sai su gyaɗa kai su ce ai masu duba na ƙwarai ba sa yarda a fili. Wata ta kawo kaza, wata ƙwai. In na ce a mayar, sai su zagaya wajen maiɗakina su ajiye su gudu. Ita kuma ta ce ba ta san gidan kowace kaza ba, yanzu tsakar gidanmu ba wurin sa ƙafa. Ba zan yi maka ƙarya ba, wasu daga cikinsu sun shiga miya.

Duk wannan da sauƙi. Wata ranar kasuwa Kadijatu, Bafillatanar da ta daɗe tana sayen ƙwarya wajena, ta zo da 'yan'uwanta mata za su zaɓi zane. Suka kewaye ni a tsugune, ina jera ɗigo suna nunawa da yatsa. Ta kuma ɗaure zakaran da za ta kai kasuwa a turken ƙofata. Sai ga Malam surukina ya ɓullo daga lungun da ba ya bi, za shi gaida marar lafiya. Ka san yadda muke da surukai. Tun da na auri ɗiyarsa ban haɗa ido da shi ba, ban ci abinci a gabansa ba, in na hango shi sai in saki hanya. Jikina ya yi abin da ya saba, na zabura, hannuna ya shafe rairayin ban sani ba, na faɗa zaure. Sai da na tsaya bayan ƙofa ina haki na tuna abin da idonsa ya gani: mata a kewaye, rairayi da ɗigo, zakara a ɗaure, ga kuma mutum ya goge ƙasa ya gudu.

Tun aurenmu, kullum da hantsi maiɗakina takan dama fura ta aika wa mahaifinta, ƙwarya ta dawo wayam a wanke. Washegarin ranar nan ta dawo cike, faifai a kai yadda aka rufe. Haka take dawowa har yau. Surukata ta ce wai cikin Malam ba ya son fura kwanan nan, amma ta gidan ƙanwar maiɗakina yana shanye ta tas. Ina bin sa salla a sahun baya kamar yadda na saba, bai hana ni ba. Sai dai rannan bayan la'asar ya yi wa'azi kan masu duba da abin da suke ci. Bai dubi inda nake ba, amma duk masallacin ya duba.

Za ka ce ita ta je ta yi masa bayani. Ita ce ɗiyarsa ta fari, bai taɓa kiran sunanta ba, ba sa zama su yi zance. Ni ba na iya yi masa magana, ita ba ta iyawa, shi kuma ba zai tambaya ba, ga mu unguwa ɗaya har muna jin tarin juna ta kan katanga. Ba ta fasa damawa ba ko rana ɗaya. Ta ce ranar da ta daina aikawa, ranar ta zama marar uba. In ƙwaryar ta dawo sai ta ajiye ta a gabana ta shige ɗaki, ina jin kukanta, wallahi abin yana ci mini rai. Fura kuwa ba a zubarwa, sai in sha tawa in sha ta Malam. Ita tana ramewa ni ina ƙiba, mutane suna cewa duba ta karɓe ni.

Na gwada barin rairayi na ƙona kai tsaye. Baki ya ƙi haɗuwa, Kadijatu ta juya ƙwaryar ta ce wannan ta ba kaji ruwa ce. To yaya zan yi? In bar sana'ar, ko in kwashe iyalina mu koma Madawa inda ba a san ni ba, ko in cire kunya in tare shi a ƙofar masallaci? Ni dai tsohon nan ya sha furar ɗiyarsa, shi ke nan buƙatata.

Naka,
Mai Ƙona Ƙwarya, daga ƙasar Buza

*

Amsa:

Mai Ƙwarya, na karanta wasiƙarka ina dariya har wurin zakara. Da na zo wurin ƙwaryar da ke dawowa cike sai na daina.

Bari in fara da Malam, don na ga kana jin an zalunce ka. Ko ni na ɓullo daga lungun nan na ga abin da ya gani, abin da zan zata ke nan, ga kuma gari duk yana faɗa, ga kaji suna shiga gidanka ba sa fita. Liman ne, yana tsoron abin da zai sa a cikinsa, kuma yana da gaskiya. Ka kuma duba abin da bai yi ba. Bai kama sunanka ba, bai hana ka sahu ba, bai aiko a tafi da ɗiyarsa ba. Ya zaɓi hanya mafi taushi da yake da ita. Ina kuma tabbatar maka tsohon da ya saba da furar ɗiyarsa ta fari ba ya jin daɗin mayar da ita.

Kai kuma ba ka yi duba ba, amma ka ci kazar duba. Bakinka yana musu, tukunyarka tana amsawa, mutane kuwa tukunya suka gaskata. Ka mayar da kajin nan da rana tsaka, kai da kanka, gida-gida. Waɗanda suka shiga miya ka biya masu su da ƙwarya. In maiɗakinka ba ta san gidan kowace kaza ba, ka tambayi Altine, na tabbata ta sani.

Kada ka bar rairayi, kada ka bar gari. In ka koma Madawa, cewa za a yi duba ta yi ƙarfi ka tafi babban gari da ita. Kuskurenka shi ne rabin aikinka a waje yake, rabi a ɓoye bayan rumbu. Mutane suna ganin ɗigo a ƙasa, ba sa ganin inda yake zuwa. Ka kafa 'yar zana ta tare iska, ka fito da wutarka da wuƙaƙenka da ƙorai ƙofar gida kusa da rairayin, kowa ya ga zane yana tashi daga ƙasa yana hawa ƙwarya. Wanda ya zo da tambayar ɓata, ka miƙe tsaye, ka kakkaɓe hannu, ka dube shi ka ce ka gani da idonka ko ba ka gani ba. Kada ka sake amsa wa kowa kanka a ƙasa.

Batun tare Malam a ƙofar masallaci kuwa, kul. Kunyar nan da ta jefa ka cikin wannan hali ita ce kuma mutuncin da ke tsakaninku, in ka fasa ta za ka ƙara masa wani abin ɓacin rai. Ka nemi wanda yake iya yi masa wasa, taubashinsa ko tsohon abokin karatunsa. Ka gayyato shi ya zauna ya ga aikin tun daga rairayi har wuta, ka ba shi labarin akuya da na zakara. Ba sai ka ba shi saƙo ba, tsohon da ya ji labari irin wannan ba zai iya kwana da shi ba.

Sauran maganin kuwa kai ka rubuto shi da hannunka ba ka lura ba. Ka ce shi ya koya maka jera ɗigo. To ka zaɓi ƙwarya mafi kyau a cikin kayanka, ka ƙona mata irin zayyanar da yake sa ka yi wa allo, zanen gefe kaɗai ban da rubutu, tun da abin cin abinci ce. Wannan karon kada ka rufe ɗigon da layi, ka bar su a fili, jere yadda ya nuna maka. A cikinta maiɗakinka za ta dama ta aika, bayan kaji sun koma gidajensu. Malami ba ya mance hannunsa in ya gan shi a wurin almajirinsa.

Ka gaya wa maiɗakinka ta share hawaye ta ci gaba da damawa, ita ce ta riƙe zumuncin nan duk kwanakin da ku maza kuke ɓuya wa juna. Ranar da ƙwaryar ta dawo wayam, kada ka yi godiya, kada ka aika a tambayi kome, ka dai haƙura da furar Malam tun da ka sha rabonka har da ƙari. In kuma ba ta dawo ba sam, tsoho ya riƙe ta ke nan, kada ka kuskura ka aika a karɓo. Ka zana wata.

Allah ya sa albarka a hannunka, ya sanyaya zuciyar Malam, ya mayar da dariya gidanka.

Mai Filin Shawara