Hannun da Ya Yi Daka Ba Ya Jifa

Zuwa ga Malama Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ni ce Saratu ta Argungu, wadda kika koya wa jifan ƙwallo a firamare. Tun da aka yi miki canji zuwa Gusau ban sami adireshinki ba, shi ya sa na roƙi yayana ya kai takardar nan gidan rediyo a Sakkwato, ko Allah zai sa ta iske ki.

Yanzu ina aji ɗaya a makarantar 'yan mata ta kwana a Birnin Kebbi. An zaɓi waɗanda za su je Sakkwato gasar ƙwallo da sanda, babu ni a ciki. Ni na cire kaina, kuma ina so ki ji dalili daga bakina.

Kin tuna ranar da kika fara ganina? Kin biyo hanyar fadama, ina tsaron shinkafar Baba, ina jifan tsuntsaye da hoge. Kika tsaya kina kallo, kunya ta sa na shige cikin shinkafa. Washegari a filin makaranta kika miƙo mini ƙwallo. Ba ki tilasta mini magana ba, kika ce hannuna ya ishe ki.

Masu bugu ba kya yi musu faɗa don sun kuskure ƙwallo, sai in sun runtse ido. Ƙawata Hassi ta daɗe tana dukan iska da sanda, ke kuma kina tafa mata, tunda idonta a buɗe yake. Mu masu jifa kuwa, ba ma taɓa ƙwallo sai mun buɗe miki tafin hannu. Wadda kika ga nata ya yi ja, kin san ta yi daka ko surfe da safe, sai ki tura ta gindin dogonyaro ta yi kallo. Kullum kina cewa hannun da ya yi daka ba ya jifa a ranar, kafaɗar yarinya ɗanyen kara ce.

Shekarar da muka kara da 'yan makarantar garin Augie, wasan ya faɗo cikin kaka, na sha bugun shinkafa. Hedimasta ya so in yi jifa, kika hana. Aka cinye mu, muna jin sa yana yi miki faɗa a ofis. Bayan haka kika zo har gidanmu, kika zauna kan tabarma, kika roƙi Inna ta riƙa ɗaga mini daka ranar wasa. Inna ta yi dariya ta ce wane irin wasa na wanga da za a bar tuwo saboda shi. Amma ta yarda.

A nan, malamin wasanninmu mutumin kirki ne, sai dai yana son nasara. Tun da ya ga jifana, kullum da yamma ni ce a fili har magariba. Da safe kuma mu ƙanana ke jan ruwa a rijiya. Kafaɗata ta fara ciwo, ko kallabi zan ɗaura sai na cije leɓe. Ba wanda ya ce in buɗe hannu. Na san in na yi shiru zan hau motar makaranta zuwa Sakkwato, garin da ban taɓa gani ba.

Malama, na je wurinsa. Ban iya dubansa ba. Na dai buɗe masa tafin hannu ya ga shatin igiyar guga, na maimaita masa maganarki. Ya duba hannun, sannan ya ce in huta, sai baɗi in Allah ya kai mu. Ya sa wata a gurbina.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar da motar ta tashi suna waƙa, na yi kuka. Amma yau da safe ni kaɗai na ɗora bokiti a kaina, ban ji ciwon komai ba.

Na gode, Malamata. Allah ya jiƙan mahaifanki, ya sa ki gama lafiya. Allah ya ba 'ya'yanki wanda zai duba hannunsu kafin ya sa su aiki. Amin.

Ɗalibarki har kullum,
Saratu