Mai Guduma Ya Yi Shiru

Hambug, Talata

Yaya Mwanaidi,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna da ƙafarta? Har yanzu mijinki na gudun zakara?

Lafiyata ƙalau, abinci ne dai ba ya shiga. Kin tuna aljanin jirginmu, mai guduma, da ke ƙwanƙwasa katako ya nuna inda ya ruɓe? Ba ya barin jirgi sai wanda zai nutse. Tun da muka shigo tashar jiragen ruwa ya yi shiru.

Jiya Kyaftin Harmsen ya ja ni gefe, ya miƙo mini guduma. Ya ce, "Kai ja'iri, ba kai ke kwaikwayon kowa ba? Sauka can ƙasan jirgi ka buga, kada ma'aikata su watse su bar ni."

Na buga. Tsoho Hinnerk, kukunmu, har da hawaye, yana cewa, "Ya dawo, yara." Ya kwance kayan da ya ɗaure don barin jirgin.

Gobe za mu tashi. Ki sa Malam ya yi mana addu'a, har da Hinnerk, amma kada Inna ta ji. In na buga, nakan tsaya in saurara. Yaya, ba a amsawa.

Ƙaninki,
Makame